Sautun Yaya Hadiza

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayata Hadiza, kuma har yau ba na iya kallon farin yadi a shagunan unguwar Tandabawi ba tare da raina ya ɓaci ba. Ni ɗalibi ne a nan Makka, ba mai yawan magana ba. Amma bana na kasa yin shiru.

Ita ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, ita ta koya mini haɗa baƙi. Da na samu gurbin karatu na taho, duk shekara takan yi mini sautu ta hannun alhazan garinmu: dabino, turare, kwalli. A shekarar da za ta rasu sautun ya canza. Ta ce in sayi farin yadi, in jiƙa shi da zamzam, in aiko mata. Tsofaffi ne ke neman wannan don likkafaninsu, ita kuwa ba ta kai arba'in ba.

Na ce, "Yaya, wa za a ba?"

Ta yi dariya ta ce, "Malam ƙarami, ni mana. Ina da ciki, an kuma rufe asibiti. Idan abu ya zo da gardama, ina za a kai ni?"

Asibitin da take nufi ɗaki uku ne a bakin kasuwar ƙauyenmu. Wata ƙungiyar agaji ce ke riƙe da shi. Can ake awon ciki, ake ba da maganin ƙarin jini, ake tsayar da jini idan mace ta yi ɓari. Yaya ce ke bi gida-gida tana lallashin magidanta su bar matansu su je awo. Sai aka yi canjin gwamnati a ƙasar da tallafin ke fitowa, aka ce duk ƙungiyar da ke da hannu a harkar zubar da ciki, ko da shawara ce take bayarwa a wata ƙasa daban, ba za ta ƙara samun kuɗi ba. Ƙungiyar ta ƙi amincewa da sharaɗin, aka yanke mata tallafin. Ungozomar asibitin ta kwashe kayanta, aka sa kwaɗo a ƙofa.

Cikin Yaya ya zube da kansa, cikin da take so, har ta zaɓa masa suna. Jini ya ɓalle. Aka ɗauko ta a bayan a-kori-kura za a kai ta birni, ta cika a hanya. Da yadin da na aika aka yi mata sutura.

Ina so mai karatu ya fahimce ni. Fiƙihu nake karantawa, na san abin da malamai suka faɗa game da zubar da ciki, kuma ba kare shi na zo yi ba. A ɗakunan nan uku ba a taɓa yin sa ba. To da wane hankali za a ce don kare ran da ke ciki an hana uwarsa magani? Masu sa hannu a wannan doka suna cewa rai suke tsarewa. Yayata ba rai ba ce? Su kuma shugabannin ƙungiyar da suka tsaya a kan ra'ayinsu, ba wanda ya tambayi matan ƙauyenmu ko sun yarda a biya da jininsu. Ɓangarori biyu suka yi rigimarsu a ƙetare, aka binne gawa a garinmu.

Fushina mafi zafi kuwa a kan namu yake. Lokacin aikin Hajji nakan yi wa alhazai jagora a Mina, ina ganin manyanmu. Wasu duk azumi suna nan, a ɗakunan da tagoginsu ke kallon Harami. Suna ɗaga hannu suna kuka a ɗawafi, alhali sun bar haihuwar matan ƙauye tana jiran sakamakon zaɓen wata ƙasa. Albashin ungozoma ɗaya ya gagare su. Da Yaya na nan, na san ba za ta yi zagi ba. Mayafinta za ta ɗauka ta je ta zauna a ƙofar shugaban ƙaramar hukuma har sai ya ji kunya.

Daga baya aka soke dokar, aka buɗe asibitin. Yanzu an maido da dokar, an sake rufe shi. Sa'adatu, babbar 'yar Yaya, tana ɗauke da cikin fari. Makon jiya ta kira ni, ta yi ta kewaye-kewaye, sannan ta ce, "Kawu, irin yadin nan na Inna nake so."

Na ajiye waya. Na tafi wurin Hajiya Ladi, tsohuwar da ta zo Hajji tuntuni ta zauna, wadda ke ɗaure mana saƙon alhazai. Da ta ji, ta harare ni.

"Ya waladi, ɗan nan, karatun ya cinye maka kai ne? Yarinya tsoro take ji, kai kuma ka zo neman yadi? Khalas, ya isa haka, kira mijinta yanzu a gabana."

Na kira shi. Ni da ko a aji ba na ɗaga murya, na ce masa da cikin ya cika wata takwas Sa'adatu za ta koma birni wurin gwaggonmu, kusa da babban asibiti. Ya fara cewa a gidansu ba a saba haka ba. Na ce masa mu ma a gidanmu ba mu saba binne mace a kan ɓari ba. Sai ya ce to.

A nan na gane abin da Yaya ta bar mini: wannan nacin nata na tsayawa a ƙofar magidanci har sai ya ce to. Ba zai buɗe asibiti ba, kuma akwai matan da ba su da gwaggo a birni. Saboda su na rubuta wannan.

Na sayi yadin, na jiƙa shi da zamzam kamar yadda Sa'adatu ta nema. Amma atamfa ce mai ja da kore, Hajiya Ladi ta yanka ta daidai zanen goyo.

Allah ya jiƙan Yaya Hadiza, ya sauki 'yarta lafiya.