Saki Ƙofar Nan, Yaya

Yayana ya daɗe yana aikin gadi a wani rukunin gidaje a Al Aziziya, kuma tun da na zo Doha karatu ban taɓa ganinsa cikin kayan mutunci ba. Kullum yunifom ruwan toka, yana ɗaga wa motoci ƙarfen shiga. Ko Idi a ciki yake zuwa, don ranar ce aiki ya fi yawa. Mutumin da a gida in ya saɓa babbar riga sai an waiwayo! Abin yana ci mini rai ba kaɗan ba.

Da na gama digirina sai na yankar mana tikitin ɗaya daga cikin manyan jiragen ruwan shaƙatawa da ke tsayawa a tashar Doha lokacin sanyi. Wata 'yar ajinmu da ta taɓa shiga shekarun baya ta ce akwai daren da ba a barin kowa ɗakin cin abinci sai da shiga ta alfarma, maza da kwat, mata da dogayen riguna. Ni wannan daren kawai nake hange. Na sa aka aiko wa Yaya shadda daga Kano, shuɗiya, ta sha aiki ta sha bugu, da hula da takalmi. So nake sau ɗaya dai mutanen nan su gan shi yadda muka san shi.

Ashe zamani ya wuce mu. Bayan magariba muka fito, Yaya yana ƙamshin turare, shadda tana amsa kowane taku. Sai ga jama'a da gajerun wanduna da silifas, har da wani ƙato da singileti kamar zai je wankin mota. Na tambayi wata ma'aikaciya, ta ce ai an sassauta dokar, yanzu kowa ya sa abin da ya ga dama. Kowa ɗin kuwa ban da su ma'aikata, don ita kanta an shaƙe mata wuya da kwala.

"Ke, mu koma in sauya," in ji Yaya, murya ƙasa ƙasa. "Khalas, ya isa haka, kowa ni yake kallo."

"Su kalla mana, Yaya. Wanda ya zo cin abinci da wandon barci shi ya kamata ya ji kunya."

Ya biyo ni, ba don ya so ba. A bakin ɗakin cin abincin akwai wata ƙofa mai nauyi, wata tsohuwa tana fama da ita. Yaya ya riƙe mata. Wannan tarbiyya ce, ban ce komai ba. To amma bayan tsohuwar sai wani ya bi, sai wasu, sai ayari guda. An ce sabo turken wawa, Allah ya yafe mini, Yaya ba wawa ba ne. Amma da idona na ga kafaɗunsa sun sauka, ya ɗan rusuna, na ji yana cewa, "Welcome, sir." Suna ta wucewa, babu mai duban fuskarsa. Wata ta tsaya ta ɗauke shi hoto ba ko sallama, a zatonta ado ne jirgin ya tanada. Wani kuma ya tambaye shi hanyar bayi, Yaya har ya fara dube-dube zai nuna masa.

Raina ya ɓaci har na ji idona yana zafi. Na koma na tsaya a gabansa.

"Yaya, saki ƙofar nan."

"Bari su gama wucewa, ƙanwata."

"Ba za su gama ba. Shekara nawa kana riƙe da ita, sun gama?"

A gidanmu ƙanwa ba ta yi wa wa magana haka, kuma ban janye ba. Ya dube ni, ya dubi layin, ya dubi hannunsa da ke kan ƙofar. Sai ya sake ta. Ta rufe a hankali a gaban wani mai riga da hoton kifi. Mutumin ya tsaya yana jiran a buɗe masa, da ya ga ba mai niyya ya sa hannu ya tura abarsa, kuma hannun bai karye ba.

Yaya ya saɓa hannun riga a kafaɗa, ya shige gabana. Na bi bayansa. Sau biyu ƙofar ta sake ƙara a bayanmu kafin mu kai teburi, wuyansa ya motsa kamar zai juya. Bai juya ba.