Shekara Uku da Baturiya ta Ƙara wa Ɗiyarta

Duk wanda ya zauna unguwar Obitara a tsohon garin Agadas ya san Baturiya baduka. An ce ranar da aka haife ta jawur take, shi ya sa aka laƙaba mata sunan. Kafin ta shekara biyar rana ta karɓe abinta, sunan kuwa ya zauna. Dukanci ta gada wajen uwarta: jakar raƙumi, kuben takobi, takalma masu jan baki. Hannunta na da kyau, bakinta na da kaifi, har Buzayen da ke saukowa daga Abzin sukan ce gara ka taya kayanta da safe, kafin ta gaji da mutane. Mijinta Inoussa mutum ne mai sanyi, irin wanda in aka tambaye shi ra'ayinsa sai ya waiga ya ga ko tana kusa.

Abu ɗaya Baturiya ta tsana a duniya, shi ne lakwal, wato makarantar boko, kuma tana da dalilinta. Tana yarinya aka zo aka ɗauki ƙanenta Lukumanu da ƙarfi, ubansu na roƙo, uwarsu na birgima a tsakar gida. Daga Agadas aka wuce da shi Damagaram, daga can Yamai. Sau biyu ya zo ganin gida, yana zama a bakin tabarma kamar baƙo. Da ubansu ya rasu, takarda ya aiko, sai da aka nemi mai karanta musu ta'aziyyar ɗansu. Tun daga ranar ta ce lakwal ɓarauniyar 'ya'ya ce, kuma ba za ta ɗanɗani nata ba.

Allah ya ba ta 'ya'ya mata biyu. Ta farin, Mariya, ta rasu a farin nan na farko, wanda sojoji suka karɓi mulki a cikinsa. Yunwa ta fara rarake yarinyar, ƙyanda ta zo ta ƙarasa. Ba wanda ya je biro, ofishin gwamnati, ya rubuta mutuwarta, don a shekarar ana binne yara fiye da yadda ake ƙirga su. Baturiya, kamar kowace mace mai kunya, ba ta taɓa kiran sunan ɗiyar fari da bakinta ba ko tana raye. Da ta mutu sai shirun ya ninku. Ta biyun, Fulera, tana goye a lokacin, ta tashi ba ta san ta taɓa yin yaya ba.

Fulera na da shekara bakwai aka yi shela cewa za a bi gida-gida a ɗauki yara. Wannan karon ba wasa, gwamnatin soja ce, wanda ya ɓoye ɗa zai kwana a kaso. Amma wanda ya wuce shekarun ɗauka, in da takarda, sai a bar shi. A nan Baturiya ta yi dabarar da ta daɗe tana yaba wa kanta. Ta tura Inoussa gidan shari'a ya yanko jijima, wato takardar haihuwar da alƙali ke bayarwa bisa bakin shaidu biyu. Shaidun kuwa, Baba Alkasum magini da wani maƙwabci, mutane ne masu tsoron Allah, ba za su rantse kan ƙarya ba. To, ba a sa su yi ƙarya ba. Suka rantse cewa Inoussa ya haifi ɗiya mai suna Mariya, ana cikin kiɗan bikin Biyanu, shekara goma da suka wuce. Gaskiya ce tsagwaronta. Abin da ba su faɗa ba shi ne tana ƙarƙashin ƙasa.

Da mai ɗaukar yara ya zo, aka miƙa masa takarda aka nuna masa Fulera. Ya dubi takarda, ya dubi yarinya 'yar firit. Baturiya ta ce yunwa ce ta tsumburar da ita. Ya ga irin haka da yawa, ya mayar da takarda ya wuce. Ranar har fura ta dama wa maƙwabta.

Sai dai ba ta yi shawara da mai abin ba. Mako bai zagayo ba Fulera ta fara sulalewa tana bin 'yan unguwa, ta tsaya jikin tagar aji tana maimaita abin da ake faɗa a ciki. Baturiya ta doke ta sau uku, da tsumagiyar fata mai kyau, aikin hannunta. A na huɗu yarinyar ba ta yi kuka ba, sai ta daina cin abinci. Kwana ɗaya, kwana biyu, tuwo na bushewa a gabanta. Uwar da ta taɓa ganin ɗiya ta rame har ta mutu ba ta iya kallon wannan. A rana ta uku Baturiya ta ja ta da kanta har gaban Mushe Lawali, malamin ajin, ta ce ga ta nan, su cinye ta.

Mushe Lawali ya nemi takardar haihuwa, aka kawo wadda ake da ita. Ya duba ya ce akwai kuskure a shekarun, a je a gyara tun da wuri. Baturiya ta ce to. Ba ta je ba, don gyarawa na nufin ta tsaya gaban maza ta kira sunan da ba ta kira. Da Fulera ta tambayi dalilin da ake kiranta Mariya Inoussa a aji, uwar ta ce sunan takarda ne, kowa na da nasa, ta rufe mata baki.

Shekara shida yarinyar na karatu kamar mai shan ruwa bayan doguwar tafiya. Baturiya ba ta taɓa cewa ta yi kuskure ba, ba halinta ba ne. Amma an fara jin ta a gidan suna tana cewa ɗiyarta za ta zama ungozomar likita, in sha Allahu, mai farar riga, kuma duk wadda ta yi dariya ita za ta karɓi haihuwar jikokinta.

Sai fari ya dawo. Damina ta zo ta wuce ba a ga ruwan kirki ba, korama ba ta gudu ba ko sau ɗaya. Buzayen da ke sayen jakar raƙumi suka wayi gari ba raƙuma, suka kafa 'yan bukkoki a bayan gari suna jiran jar dawar taimako. Fata ta yi araha har abin tsoro, amma ta dabbobin da yunwa ta kashe ce, tana yagewa a bakin basilla. Inoussa ya hau kamyo, babbar motar kaya, zuwa Tamangasat neman aiki, daga nan shiru. A cikin wannan baƙar shekara abu ɗaya ne fari a gidan: Fulera ta ci jarrabawar sartifika, ta biyu a duk makarantarsu. Abin da ya rage a kafe sunayen masu shiga kolej.

Ranar da aka kafe, Fulera ta bi takardun da yatsa daga sama har ƙasa sau uku. Waɗanda take koya wa lissafi suna ciki. Ita ba ta ciki.

Baturiya ta yafa mayafi ta sami Mushe Lawali a ƙofar aji.

"Mushe, mi ya hwaru? Ba ta biyu kuka ce ta zo ba?"

"Ta biyu ta zo, Inna. Amma a takarda shekarunta sha shida. Doka ta ce ta wuce shiga sizyam, ajin hwarko na kolej. Tun ranar hwarko na ce miki a gyara."

"Kai da idonka, wagga yarinya ta yi sha shida? Ko ƙirgin dangi ba ta hwara ba!"

"Ni na gani. Waɗanda sunka zaɓa suna Yamai, takardun dosiye suke gani, ba yarinya ba."

Ya ce saura mako uku a buɗe kolej. In ta samo gyara daga alƙali kafin nan, shi zai rubuta roƙo da hannunsa.

Daga nan ta wuce gidan Baba Alkasum, don ɗayan shaidar ya rasu tuni. Ta tarar da tsohon zaune a zaure, ba aikin gini, wa ke yaɓe a shekarar yunwa. Ta durƙusa ta gaya masa komai. Ya daɗe yana jan carbi.

"Ɗiyata, ni ban yi ƙarya ba gaban Allah. Amma gaban soja, wa za shi tsaya shi rarrabe? In na tahi na ce na san yarinyar ta mutu sa'ad da na rantse, kaso za su kai ni. Jikoki tara ke ci daga hannuna. Ki yahe mini."

Ta so ta zage shi, bakin ya ƙi. Ita ta je ta roƙe shi wancan karon, da goro a hannu.

Kwana takwas tana sammako gidan shari'a. Ta zauna a inuwar bango tare da masu rigimar rijiya da masu neman takardar tafiya, cikinta ba komai sai ruwan zafi. Yau a ce alƙali ya tafi rangadi, gobe a ce yana wajen rabon hatsi. Baturiyar da ake tsoron bakinta a kasuwa ta koyi yi wa mai gadi murmushi. A rana ta tara magatakardan alƙali, wani saurayi mai tabarau wanda a haife ta haife shi da kyau, ya ce ta shigo.

Ta fara kewaye-kewaye. Ta ce akwai wata yarinya, waccan, ta farko. Ya ce ba ya rubuta waccan, suna yake so. Ta dubi ƙasa. Akwai maza uku a ɗakin, da soja ɗaya a bakin ƙofa yana sakace haƙori. Shekara goma sha shida ba ta furta sunan ba, ko a mafarki. Ta ji kunya kamar an yaye mata zane a tsakiyar kasuwa, ta ji kuma baƙin cikin da ta danne tun ranar da aka fita da yarinyar a tabarma.

"Mariya," ta ce. "Sunanta Mariya. Ita ce ta fari. Ta rasu tana shekara biyar. Wagga da ke raye Fulera ce, ƙanwarta. Ni na haɗa abin, ba kowa ba. In kaso ne ku kai ni, amma ku mayar wa ɗiyata shekarunta."

Magatakardan ya ajiye alƙalami. Ba mugu ba ne, ya ma sa aka kawo mata ruwa. Sa'an nan ya yi mata bayani a hankali, yadda ake yi wa mara lafiya. In ta kawo shaidu, ana iya rubuta cewa Mariya ta rasu, a kuma yanka wa Fulera sabuwar jijima da shekarunta sha uku. Amma sartifika da duk takardun shekara shida da sunan Mariya suke. Ranar da aka rubuta mutuwarta, sun mutu tare da ita. Fulera kuwa za ta fito a matsayin yarinyar da ba ta taɓa taka lakwal ba, kuma ta wuce shekarun shiga aji ɗaya. In kuma aka bar takarda yadda take, Mariya na raye, ta ci jarrabawa, amma ta tsufa.

"To wace ƙohwa ta rage?" in ji Baturiya.

"Inna, ni ban ga ko ɗaya ba. Kuma abin da kika hwaɗa yanzu, ban ji ba. Ki tashi ki tahi gida."

Ba ta tafi gida ba. Ta nufi biron kumandan da ke riƙe da jihar, a ƙasa, rana na tsakiya. Ta ce ai gwamnati ce da can ke farautar yara, yau ga yarinya ta kawo kanta, a ce ba a so? Sojan da ke ƙofa ya ɗauka dawa ta zo roƙo, ya nuna mata layin bayan gari da bakin bindiga. Ta yi masa bayani, ta sake yi, har ta kama ƙafar wandonsa. Ya janye ƙafarsa ya ce ta bar wurin kafin ransa ya ɓaci.

La'asar sakaliya ta shiga gida, ƙafafunta sun yi futu-futu. Fulera na zaune a gindin bango da sartifikar a cinya, tun safe take jiran ta. Baturiya ta zauna nesa kaɗan, ta gaya mata duka, ba ta rage komai ba, ba ta kuma ɗora wa kowa ba. Wannan karon sunan ya fito ba wuya, abin da ya ƙara ba ta tsoro.

Yarinyar ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana duban takardar.

"Inna, ke nan kullum da sahe, in Mushe ya kira suna na amsa, ita nake amsa wa?"

Baturiya ta kasa ɗaga kai. Ta ce gobe za ta koma, za ta sayar da kayan aikinta ta hau mota har Yamai, za ta kwana a ƙofar duk wanda ke da iko. Ta ce yanzu zaɓi na Fulera ne, duk abin da take so shi za a yi, wallahi shi za a yi. Tana faɗa tana jin yadda maganar ba ta da nauyi, don ta san ranar da zaɓin ke da amfani ta wuce da shekara shida.

Fulera ta tashi. Ta shafe ƙurar da ke jikin sartifikar da gefen zanenta, ta ninke ta biyu a hankali, ta ɗora a cinyar uwarta.

"Ki bari, Inna, kin gaji," ta ce. "Ki ajiye wa mai ita."