Ciwon da Ba Shi da Suna a Garinmu

Autarmu tela ce. A ƙauyenmu, can tsakanin Bici da Ɗambatta, inda gonaki suka manne da juna har ba ka gane iyakar ta wani sai da layin gamba, da wuya ka sami macen da ba ta taɓa ɗaura ɗinkinta ba. Kekenta na ƙafa ne, a rumfar ƙofar ɗakinta yake, idan Sallah ta matso tun daga zaure za ka ji ƙararsa. Ni ne babban wanta, ina koyarwa a firamaren garin. Gidan mijinta a kan hanyata yake, shi ya sa in an tashi daga makaranta nakan leƙa in sha ruwa, mu ɗan taɓa hira tana ɗinki.

Da ido abin ya fara. Wata bazara na tarar da ita ta jingina da bango, atamfar mutane a cinyarta, ta ce idonta na hagu kamar an hura masa hayaƙi, kuma in ta juya shi sai ya yi zafi. Mijinta, mutum ne mai haƙuri da ke sayar da hatsi ranar kasuwa, ya sayo maganin ɗigawa a kemis. Kafin damina ta kankama idon ya washe, muka ce maganin ne ya yi aiki, muka manta.

Da shekara ta zagayo sai ƙafa. Ta ce mini tana taka keken amma ba ta jin abin da take takawa.

"Yaya, kamar aron ƙafar aka ba ni," in ji ta.

Daga baya ta ce kiyashi ne ke yawo a cikin fatar. Wata rana ta faɗi a tsakar gida da tukunyar kunu a hannu, Allah ya kiyaye bai zube mata a jiki ba. Ta yi makonni tana dafa bango, sannan wannan ma ya wuce, ta koma kan kekenta kamar ba a yi ba.

Wannan zuwa da tafiyar shi ya fi cutar da ita a idon mutane. Wanda ya gan ta jiya tana jan ƙafa, yau ya gan ta a gidan suna, me zai ce? Wasu daga dangin miji suka ce son jiki ne. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce hannu aka sa mata saboda kasuwarta ta fi ta kowa. Innarmu ba ta zauna ba. An sha rubutu, an yi hayaƙi, an yi ruƙiyya. Wata tsohuwa ta ba da saiwoyi a tafasa a yi sirace da su. Aka lulluɓe Auta da bargo a kan tukunya mai tururi, da aka yaye ba ta iya miƙewa ba, sai ɗaukar ta aka yi zuwa ɗaki. Tsohuwar ta ce ciwon ne ke fita, a ƙara. Aka ƙara.

A asibitin da ke kusa da mu an yi mata maganin zazzaɓin cizon sauro, an yi na taifot. Wani ma'aikaci ya ce ya yi kama da shanyewar ɓarin jiki, amma ga ta yarinya, jininta bai hau ba. Shi ne ya ce mu daina wahalar da ita, mu tafi Kano wurin likitan jijiyoyi.

Ni da mijinta muka kai ta. Muka shiga bas a Ɗambatta, aka matse ta a tsakiya, rana na dukan motar. Da muka sauka magana ma da ƙyar take yi. An yi ta sa mu dawowa kafin a kai ga ɗaukar hoton ƙwaƙwalwarta. Aka kwantar da ita, aka tura ta cikin wata na'ura mai kama da rami. Da ta fito ta ce mini tunda aka tura ta kalmar shahada kawai take maimaitawa, domin babu abin da ya zo mata a rai sai kabari.

Likitar mace ce, mai magana a hankali. Ta nuna mana wasu fararen ɗigo-ɗigo a hoton, ta faɗi sunan ciwon da Turanci, ta ce a taƙaice ana ce masa em-es. Ta ce jijiyoyin mutum kamar wayar lantarki suke, kowace da robar da ta rufe ta, to a wannan ciwon garkuwar jikin mutum ce ke juyowa ta riƙa cin robar. Duk inda ta ci, saƙo ba ya wucewa daidai. Yau ido, gobe ƙafa. Ba iska ba ce, ba a ɗaukar sa daga wani, kuma ba wanda ya yi mata.

Auta ta tambaya ko yana warkewa. Likitar ba ta yi mata ƙarya ba. Ta ce ba ya warkewa, sai dai a lallaɓa shi. Akwai ruwan allurar da ake sawa in ya taso, akwai kuma magungunan da ke rage yawan tasowarsa, amma waɗannan samun su a nan da wuya. Ta ƙara da cewa a guji zafi, domin zafi na tayar da alamominsa.

"Likita, a ƙasar Kano zan guji zafi?" in ji Auta.

Likitar ta yi murmushi kaɗan.

Da muka dawo gida Inna ta tare ni a zaure tana tambayar me suka ce, mene ne sunansa. Na faɗa mata yadda na ji. Ta gwada maimaitawa, ta kasa. Ta ce ita ba ta taɓa jin ciwon da ba shi da suna da Hausa ba. Har yau in maƙwabta suka zo dubiya, ya mai iska suke tambaya, Inna kuma ta ce musu da sauƙi.

Kafin mu baro asibitin likitar ta ba mu lambar wayar wata Hajiya a birni, tsohuwar malamar makaranta, wadda ta daɗe da wannan ciwon. Ita ce ta tattara masu irinsa a wani zauren Watsaf. Ba su da yawa, kuma a warwatse suke, wani a Zariya, wata a Katsina. Da wayata Auta ta fara shiga, daga baya mijinta ya sayo mata tata. Da murya suke aika saƙo, domin da yawansu ido ko yatsu ba sa ba su damar rubutu.

Ranar da ta fara saurare ta yi kuka sosai. Ta ce ashe ba ita kaɗai ba ce, ashe akwai wanda zai ce ya gaji tun da safe a yarda da shi. A wurinsu ta koyi jiƙa mayafi ta ɗora a wuya da tsakar rana, da gama aikinta kafin hantsi, da yin sallah a zaune ba tare da ta ji kamar ta yi laifi ba. Akwai kuma abubuwan da ba za ta iya faɗa mini ba, ni namiji kuma wanta, kamar kuɓucewar fitsari. Waɗannan da Hajiya take yin su, ta rufe ƙofa.

Hajiya na bin labarin bincike. Lokaci-lokaci takan aiko da murya ta ce a ƙasashen waje an fito da sabon magani, ko ana gwada hanyar da za a gyara robar jijiyar da ta lalace. Duk ranar da irin wannan saƙon ya zo, Auta takan sa a kira ni. In zauna a bakin tabarma, ta kunna mini, ta zuba mini ido.

"Yaya, kai da ka yi boko, yaushe zai iso nan?"

Nakan ce in Allah ya yarda ya kusa. Da farko tana gyaɗa kai. Daga baya ta daina kira na, ta saurara ita kaɗai ta kife wayar.

'Yan zauren sun yi ƙoƙari, ba za a ce ba su yi ba. Sun taɓa haɗuwa suka je wani ofishi a birni suna roƙon a sa magungunansu cikin waɗanda hukuma ke tallafawa. Na raka Auta. Can na fara ganin Hajiya ido da ido, 'yar ƙaramar mace a keken guragu, murya kamar ta mai tsawatar wa aji. Jami'in ya karɓe su da mutunci, ya ce shi kansa yau ya fara jin sunan ciwon, ya yi alkawari, aka ɗauki hoto. Ba mu sake jin komai ba. An kuma naɗi muryoyinsu a wani shirin lafiya na rediyo. Bayan an sa shirin wani manomi daga wajen Tofa ya yi ta tambaya har ya gano gidan, ya zo da matarsa a bayan babur, ƙafafunta na reto. Auta ta ce masa ita ba likita ba ce, ba ta san ko ciwonsu ɗaya ba, amma ya kai ta Kano tun da wuri. Ban san ko ya kai ta ba.

Sai ciwon ya yi wani tashin da bai koma ba. An sa ruwan allurar, ƙafafun ba su dawo ba. Hannuwan suka kama rawa, harshe ya yi nauyi. Ta sa aka ɗauke keken ɗinkin aka kai wa 'yar ƙanwar Inna, ta ce kada ya yi tsatsa. Bayan haka ta ce a mai da ita gidanmu wurin Inna. Mijinta ya ƙi, har ya zo ya same ni a makaranta yana share hawaye da bakin riga, yana cewa shi bai gaji ba. Amma ta dage. Ta ce ba za ta iya jure a riƙa ciccibar ta zuwa banɗaki a gaban matan gidansu ba. Yanzu yakan zo da yamma in ya taso kasuwa, 'ya'yansu kuma suna kai da komo tsakanin gidajen biyu. 'Yan zauren sun haɗu sun aiko mata da keken guragu, amma tsakar gidanmu rairayi ne, tayoyin nutsewa suke. Yana nan a jingine bayan rumbu.

Aka daina jin muryar Hajiya a zauren, kowa na tambaya. Sai 'yarta ta aiko da murya cewa Allah ya yi mata rasuwa. Tun daga nan Auta ce ke tarbar sabon shiga a zauren. Nakan same ta tana naɗar gaisuwa, ta saurara, ta ji kalmomin sun cakuɗe, ta goge, ta sake.

Inna ta tsufa. Ita ke yi mata wanka, ita ke juya ta kada kwanciya ta ci mata baya, ga shi ita ma gwiwoyinta sun ƙi. Kwanan baya na shiga na tarar Inna ta zame a ƙasa wajen ɗaga ta, su biyun suna zaune kowa na haki. Da Inna ta fita ɗebo ruwa, Auta ta kira ni kusa.

"Yaya, in Inna ta riga ni, wa zai juya ni?"

Na ce ni.

"Kai namiji ne," ta ce, ta mai da fuskarta bango.

Na je na yi magana da matata. Ta ce a kawo ta, ai 'yar'uwa ce. Na fara gina ɗaki a gefen gidana, wanda za a yi wa daɓen siminti har zuwa banɗaki, ba tare da dokin ƙofa ba. Ginin ya kai taga, damina ta tsayar da shi. Na faɗa wa Auta, ta ce Allah ya saka da alheri. Ba ta ce a kai ta ta gani ba, kuma ba ta sake tambayar inda aka kwana ba.