Tsintsiyar Uwani

Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a rumfar Ɗayyabu mai awo ya san Uwani, ko da bai san sunanta ba. Ita ce 'yar tsohuwar nan da ke tsugune gefen shimfiɗa da guntuwar tsintsiya da faifai, tana jiran a gama awo. Sana'arta shara, amma ba sharar bola ba. Al'adar kasuwar tun kaka da kakanni ita ce, duk ƙwayar da ta tsallake bakin shimfiɗar mai awo ta taɓa ƙasa, to ta fita daga hannun mai kaya, ta fita daga hannun mai saye, ta zama ta masu tsintsiya. Ba wanda ya rubuta wannan doka, ba kuma wanda ya taɓa musa ta.

Da yamma sai ta tattara abin da ta share, gero da dawa da ƙasa duk a haɗe, ta ɗaure a tsumma ta nufi gida Tudun Wada. Can za ta bakace, ta rairaye, ta tsince tsakuwa har idonta ya yi ja. Komai ƙoƙarinta kuwa, tuwonta ba ya rasa 'yar tsakuwa ɗaya ko biyu. Mijinta, Malam Junaid, in ya tauna ta yi ƙaras a haƙori, sai ya yi dariya da rabin bakin da ya rage masa ya ce, "Alhamdu lillahi, halas ta yi magana."

Malam Junaid ladan ne a da, yana kuma ɗinkin hula, kafin ciwo ya shanye masa ɓarin jiki. Gidan malamai ya fito, irin gidan da babu komai cikinsa sai littattafai da jin kai. 'Ya'yansu mata biyu suna aure a nesa, kowace tana fama da nata. Ranar da aka dawo da shi daga asibiti, ya kama zanen Uwani da hannunsa mai rai ya ce, "Uwani, komi yas same mu, kak ki miƙa ma kowa hannu. In mutuwa ta, mu mutu da mutuncinmu." Ta yi masa alkawari. Washegari ta ɗauki tsintsiya ta tafi kasuwa, kuma shekara da shekaru wannan alkawari bai karye ba, don abin da ka sunkuya ka share da guminka ba roƙo ba ne.

Shi Ɗayyabu kuwa wani irin mutum ne. In yana awo, sai ya cika kwano ya tumbatsa, ya ƙara tuli a kai, sannan wurin juyewa cikin buhu hannunsa ya ɗan yi rawa, gero ya watsu can bayan shimfiɗa. In mai kaya ya yi ƙorafi, sai ya ce, "Ka yi haƙuri, tsuhwa na." Abin mamaki, tsufan nan ba ya tashi sai ranar da kasuwa ta yi sanyi, Uwani ta wuni ba ta share abin kirki ba. Bai taɓa dubanta ba in yana yi, ita ma ba ta taɓa yi masa godiya ba. Da ta gode, da ya zama sadaka, kuma dukansu biyu sun san haka.

Sai tsada ta zo. Ba a hankali ta zo ba, faɗowa ta yi. Manyan 'yan kasuwa, irin su Alhaji Siddiƙu wanda da can tare suke riƙe kwano da Ɗayyabu, suka riƙa tura motoci ƙauyuka da kaka, su saye hatsi tun yana bakin gona, su kulle a sito sai ya yi wuta. In an yi magana, Alhaji ya ce ai kasuwa a buɗe take, kowa ya je ya saya. Gaskiyarsa, a buɗe take ga mai tirela. Ƙananan masu awo kuma da suka ga ruwa na neman cinye su, wasunsu suka shiga buga gindin kwano da guduma don ya rage ci. Talaka ya zo da kuɗinsa a tafin hannu, ya koma da abin da bai isa kunu ba.

Jama'a suka yi ta kuka har gwamnati ta kafa wani kwamiti. Ranar da 'yan kwamitin suka shigo kasuwa suna tattara lotsattsun kwanoni, Uwani har guɗa ta yi, baiwar Allah. Ta ga an zo taimakon talaka. Aka ce daga yau an hana awo da kwano, sai sikeli, kowa ya sayi kilo cif. Niyya dai mai kyau ce, ban musa ba. Abin da ke ba ni haushi har yau shi ne, motar kwamitin nan ta zagaye rumfuna kaf, amma ko sau ɗaya ba ta yi kuskuren tsayawa ƙofar sito ba.

Alhaji Siddiƙu bai yi jayayya da doka ba, marhabin ma ya yi da ita. Ya sayo injin da ke auna hatsi ya ɗure a leda ya liƙe, da sunansa a jiki. Ɗayyabu, da ba shi da halin sayen sikeli mai hatimi, ya naɗe shimfiɗarsa ya koma jera wa Alhaji ledoji a kan tebur. Kasuwa ta yi tsaf, ba ƙura, ba cuta a awo, ba kuma ƙwaya ɗaya a ƙasa.

Uwani ta ci gaba da zuwa tana tsugunawa a wurinta, don ba ta san wani wurin ba. Ran nan Ɗayyabu ya kasa daurewa, ya ɗauki leda guda ya miƙa mata. Ta ɓoye hannuwanta cikin mayafi kamar an miƙo mata garwashi.

"Ɗayyabu, zuba shi ƙasa in share," in ji ta a hankali.

Ya dubi ledar, ya dubi yaron gidan Alhaji da ke zaune yana lura da kaya. "Inna, wagga ba kwano ba ta. In ta hwashe, ni za a kora."

Ta tashi ta kakkaɓe zanenta ta tafi. Ta gwada wankau, ƙugu ya hana. Ta gwada ƙulla gyaɗa, jari ya shige tukunya. Kafin azumi ya kama, sun koma ci sau ɗaya, kuma maganin Malam ba ya zama a cikin da babu komai. Yana sha sai ya dawo da shi. Tana kallonsa yana ƙanƙancewa a kan tabarma, ga shi bai fasa tambayarta yadda kasuwa ta kwana ba. Tsoro ya kama ta sosai, irin wanda ba ta taɓa ji ba.

Da azumi ya shiga aka yi shela Alhaji Siddiƙu zai raba hatsi a gidansa na Gawon Nama. Uwani ta ce wa Malam za ta kasuwa. Har tsintsiyarta ta ɗauka. Ta shiga layin mata cikin rana tana jan mayafi kan fuska, kada wata 'yar unguwa ta gane ta, sai ta tarar rabin layin 'yan unguwarsu ne, kowa na kauda kai. Da aka zo kanta, wani mai ɗaukar hoto ya ce, "Baba, aje tsintsiyag ga. Miƙo hannu biyu. Yawwa, dubi nan." Ta ajiye tsintsiyar a ƙasa. Ta miƙa hannu biyu.

A gida ta juye geron a faifai ta bakace bisa sabo, ba abin da ya fita. Ta surfa, ta kai niƙa, ta tuƙa tuwo. Da aka sha ruwa ta tallafo Malam ta jingina shi da bango, ta fara ba shi a baki. Ya ci loma ɗaya, ya ci ta biyu, yana taunawa a hankali kamar mai neman wani abu. A ta uku ya tsaya.

"Uwani, wanga tuwo babu tsakuwa."

Ta gutsuro wata loma.

"Wa yab ba ki?"

Ta sunkuyar da kai, lomar na hannunta, hawaye na zuba kan zanenta. Ya daɗe yana kallonta, ya kalli wuyanta da ya rame, ya kalli nata kwanon da ko taɓawa ba ta yi ba. Sannan Malam Junaid ya rufe ido, ya buɗe baki.