Takardar Da Ba a Sa wa Yaya Rifkatu Hannu Ba

Shekara bakwai ke nan cif da muka binne yayata Rifkatu a Birnin Kebbi. Duk shekara idan ranar ta zagayo sai wani daga cocinmu ya buga mini waya ya ce ai Yaya mutuniyar kirki ce, ta tafi gida ta huta. Nakan amsa da amin in kashe wayar. Bana dai na gaji da amin ɗin, zan faɗi abin da ya faru.

Daga Filato muka taso. Aikin ungozoma ya kai ta asibiti a Argungu, ni kuma na biyo ta na samu koyarwa a Birnin Kebbi, inda mijinta Istifanus ke da shagon kayan gini. Shekara goma sha huɗu suka yi da aure ba haihuwa. Ta karɓi haihuwar mata ba adadi, ta wanke jarirai ta miƙa wa iyayensu, ta koma gida hannu wofi. Ba ta taɓa yi mini kuka a kan haka ba. Addu'arta dai ɗaya ce, Ubangiji ya ba ta wanda za ta goya, ko daga ina ya fito.

Wata damina aka kawo wata mata daga Gulma, naƙuda ta yi tsawo. Jaririyar ta rayu, uwar ta cika. Uban ya tafi ci-rani tun cikin yana ƙarami, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Wanda ya rage shi ne kakan yarinyar, Malam Umaru, tsohon manomin shinkafa da matarsa ta riga shi rasuwa. Kwana uku yana zaune a gindin dogon yaro a harabar asibitin, Yaya tana ba jaririyar madarar gwangwani da cokali. Rana ta huɗu ya kira ta gefe.

"Ba ni da macen da za ta riƙa ta," in ji shi. "Na ga yadda kika yi da ita. Ɗiyag ga amana ta, ki riƙa."

Yaya ta tuna masa cewa ita Kirista ce. Ya ce ya sani, ba makaho ba ne. Shi ya raɗa mata suna Hauwa'u, Yaya ba ta taɓa canza shi ba. Ta yi masa alkawarin za ta riƙa kai masa ita, in ta girma kuma ta san gidansu da addinin uwarta. Duk ƙarshen wata takan goya ta su hau mota zuwa Gulma, su dawo da busasshen kifi da tsohon ya ƙulle musu a leda.

Shekara biyu da rabi yarinyar ta yi a hannunta. Ban taɓa ganin Yaya da ƙiba ba sai a lokacin. Da Malam Umaru ya fara ciwo, shi da kansa ya ce ta je a yi takardar riƙon yarinyar tun yana raye. A ofishin da ke kula da irin wannan aka ce ta kawo yardar mijinta a rubuce, da wasiƙar shaida daga shugabannin addininta. Ba su hana ta ba. Abin da suka nema ke nan.

Istifanus yana son yarinyar, amma 'yan uwansa suka taso daga gida suka ce ba za a sa jinin da ba nasu ba a cikin gado. Ya ce wa Yaya ta dakata ƙura ta lafa. Dattawan ikilisiya kuwa sau uku suna zama a kan wasiƙa mai layi biyar. Ƙarshenta suka ce mu baƙi ne a garin nan, za a ce mun ɗauke 'yar Musulmi mun juya ta, kada a jawo wa coci fitina. Suka yi mata addu'a suka sallame ta. Ban ce tsoronsu ƙarya ba ne. Amma ba wanda ya taka zuwa Gulma ya ji ta bakin tsohon, ga shi tafiyar ba ta kai rabin yini ba.

Ni ma ina cikin masu laifin. Ranar da ta zo gidana da farar takardar a jaka, cewa na yi ta haƙura, tunda yarinyar tana hannunta mene ne amfanin takarda.

"Saratu, ban roƙi kowa ya so ta ba," ta ce. "Hannu kawai na ce a sa mini."

Bayan girbi Malam Umaru ya rasu. Ba a yi sadakar arba'in ba wani ɗan ƙanensa ya zo da mutum biyu da mai unguwa. Ba su yi faɗa ba, har gaisuwa suka yi mai kyau, suka gode da riƙo, suka tambayi takarda. Yaya da hannunta ta haɗa kayan Hauwa'u, ta gaya musu ba ta shan koko mai tsami, ta raka su bakin titi. Sau biyu ta bi ta Gulma. A na biyun aka roƙe ta ta daina zuwa, don duk ta tafi yarinyar takan ƙi cin abinci.

Ta ci gaba da zuwa aiki, ta ci gaba da zuwa sujada, amma ta bar ƙungiyar mawaƙa ta koma bencin baya. Da Istifanus kuwa gaisuwa ce kawai ta rage. Bayan shekara ɗaya da 'yan watanni hawan jini ya kayar da ita a bakin aiki. A wajen jana'izarta, ɗaya daga cikin dattawan nan ne ya tashi ya yi wa'azi a kan kula da marayu, ya kira ta uwar marasa uwa. Mutane suna ta gyaɗa kai.

Yau cocinmu na da kwamitin marayu. Kowace Kirsimeti akan ɗinka anko, a loda buhunan shinkafa a mota, a je a ɗauki hoto da yara a dawo kafin la'asar. Nakan tambayi kaina me Yaya za ta ce. Ina jin ba za ta ce komai ba, za ta ba da nata kason ne, ta tambayi sunan kowane yaro. Ni ce mai ɗacin rai, ita ba ta iya ba.

Bara na yi ƙarfin hali na je Gulma. Matar ɗan ƙanen Malam Umaru ta gane ni, ta shimfiɗa mini tabarma, ta ce a hankali yarinyar ba ta san komai ba, kuma sun fi so a bar shi haka. Hauwa'u ta dawo daga makaranta, doguwa, lafiyarta ƙalau. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta kawo mini ruwa ta wuce ɗaki.

Abin da ya saura na Yaya ke nan. Babu ɗan da ya ɗauki sunanta, Istifanus ya sake aure, dattawan sun manta sun taɓa yin zaman. Akwai dai yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya a bakin fadama, wadda ba don Yaya ba da ba ta wuce makonta na farko a duniya ba. Na shanye ruwan, na yi musu sallama, ban ambaci sunan Rifkatu ba.