Abin da Baba Yake Nunawa

Baba ya yi shekaru yana tuƙa wani Baturen Holan da ke aikin ban ruwa a bakin kogin Komadugu. Da zai koma gida, sai ya bar masa wani tsohon zane na fentin mai, ya ce na kakansa ne. Daji ne mai duhu, manyan itatuwa sun haɗe kai, wata siririyar hanya ta ratsa tsakiya, wani ɗan mutum yana kora saniya. Muka rataye shi a ɗakin Baba, muka manta da shi.

Ina koyarwa a garin Maine aka aiko cewa ɓarin jikin Baba ya shanye. Da na iso gida Diffa na tarar magana ta ɗauke. Hannun hagu kaɗai yake iya ɗagawa, kuma kullum zanen nan yake nunawa, yana wani gurnani.

"Baba, in sauko maka da shi?"

Na ɗora masa a cinya. Ya dafa yatsa a kan hanyar, ya kalle ni, ya sake dafawa.

Inna ta ce gona yake so, ai can ma akwai itatuwa. Muka sami mota, muka shimfiɗa masa katifa a baya har ƙauyen Geskeru, inda gonarsa take. Tattasai ya nuna jawur, mata na tsinka. Ya duba kogin, ya duba mu, ya rufe ido. Muka dawo da shi a galabaice.

Kawu, ƙanen Inna, ya ce hoton mutum ne ke damunsa, a fitar da shi. Aka kai zaure. Ranar Baba ya ƙi kunu, ya ƙi ruwa, hawaye na bin gefen kunnensa, har sai da na mayar.

Na tambaye shi duk abin da ya zo mini. Baturen kake tunawa? Saniya za a sayar? Garinku za a kai ka? Kowace tambaya sai ya girgiza kai, daga baya ma ya daina girgizawa, sai kallo.

Hutun da na ɗauka ya ƙare, dole na koma aji. Da na durƙusa yi masa sallama, ya riƙe bakin mayafina, ya ja ni wajen bangon da ɗan ƙarfin da ya rage masa.

"Na gani, Baba," na ce. "Na gane."

Ya sake ni a hankali. Ya san ban gane ba. Kafin ruwan kogi ya janye a shekarar, Allah ya yi masa rasuwa.