Ƙafar Masi Sardaran

Kafin rana ta leƙo ta bayan gonakin rake, Masi Sardaran, wato inna Sardaran, ta tatse ɓaunar da take kiwo, ta ɗora shayi, ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa. Ba ta daɗewa da zama sai mutane su fara isowa. Wani a karkace, wata tana jan ƙafa ɗaya, wani kuma 'yan'uwansa ne suka ɗauko shi a gadon igiya. Kusan duk kukansu ɗaya ne: ciwon nan da ke tasowa daga ƙugu, ya bi cinya, ya sauka har yatsu. Shekara talatin da shida ke nan tana wannan hidima a bakin ƙofar nan. A ƙarshen watan nan za ta naɗe tabarmar ta koma birnin Multan wajen 'yarta, don gwiwoyinta sun gaji.

A ƙauyukanmu an yarda cewa wanda ya zo duniya da ƙafa maimakon kai, ƙafarsa magani ce. Mai ciwon baya ya kwanta rubda ciki a bakin ƙofa, a taka shi sau bakwai, shi ke nan. Sardaran da ƙafa ta zo, don haka tun tana 'yar shekara shida ake ɗora ta a bayan manya. Abin da mutane ke mantawa shi ne, bayan rasuwar mijinta ta yi shekara tara tana shara a ɗakin gashin ƙashi na asibitin gunduma. Tana shara tana kallon yadda ake motsa marasa lafiya, abin da ba ta gane ba ta tambaya.

Da ta dawo sai ta zo da dabara. Takawa dai tana yi, amma da babban yatsa, ko ƙwai ba zai fashe ba. Sannan ta ɗaure fuska ta dubi mai ciwon.

"To, albarkar ta shiga, amma fa ba ta zama a jikin rago. Kafa gwiwar hannu, ɗaga ƙirji. A hankali, ba kokawa muke yi ba. Sau goma da safe, sau goma da yamma. Gobe ka taka zuwa gada ka dawo."

"Haba Masi, ni da ko tari ba na iyawa?"

"Kwanciyar ce ke cinye ka, ɗana. Wancan gadon naka da ya lotsa kamar ƙwarya, a ja igiyarsa yau. Ƙwayar da ke aljihunka kuma toshe wa ciwon baki take yi, ka ji daɗi ka koma ka sungumi damin ciyawa."

Da jan bulo mai ɗumi a cikin tsumma, da tafiya, da koyon durƙusawa kafin ɗaukar kaya, matan da ke yankan ciyawa da masu dakon rake da yawa sun miƙe. Ba kowa ba, kuma ita ba ta taɓa cewa kowa ba. Sun tafi suna yabon ƙafa, ita kuwa ta bar su da yabonsu.

Ranar da ta fi cancantar yabo kuwa zagi ta sha. Shekara huɗu da suka wuce, ana tsakiyar saran rake, aka kawo Hakam Din mai amalanke. Ya yi mako biyu yana karɓar allura a kantin magani yana komawa lodi, har ya kai ga ƙafafunsa biyu sun daina ɗaukarsa. Masi ta tsuguna ta tsunkule shi a cinya, bai motsa ba. Ta kori mazan gefe, ta rage murya.

"Hakam, ka ji tsoron Allah ka faɗa mini. Fitsari yana zuwa ba ka sani ba?"

Ya kau da kai. "Tun jiya."

Ta miƙe ta ja ƙafarta ta ɓoye cikin mayafi. "Ba zan taka shi ba. Ku nemo mota, asibiti yanzu."

Wansa Inayat ya harzuƙa. "Masi, ƙofarki muka zo. Kin taka bare, sai ɗan garinku za ki mayar? Sau bakwai ne fa!"

"Ko sau ɗaya. In na taɓa shi za ku kai shi gida ku zauna jiran albarka, jijiyar kuma ba za ta jira ku ba. Inayat, ƙafafun ƙanenka nake roƙa maka."

Mayar da mara lafiya daga bakin ƙofa abin kunya ne a wurinmu. Aka ce albarkarta ta ƙare, aka ce girman kai ne na wadda ta taɓa share asibiti. Ni mai wannan rubutu ina cikin waɗanda suka faɗi haka a wajen mai shayi, kuma har yau ina jin kunyarsa. Wata biyu tabarmarta ba mai kwanciya. A asibiti kuwa an tarar faifan da ke tsakanin ƙasusuwan bayan Hakam ya goce ya danne jijiyoyi, aka yi masa aiki a ranar. Likitan ya ce wa Inayat da sun ƙara kwana, da wuya ya sake tsayuwa.

Masi, ke ce kika san iyakar ƙafarki a garin da kowa ya rantse ba ta da iyaka. Ke ce kika zaɓi a zage ki da a gurgunta mutum a ƙofarki. Uwar masu dako, mun yi miki rashin adalci, ba ki taɓa goranta mana ba.

Makon jiya Hakam Din ya zo sallama. Da ƙafarsa ya zo, da ɗan ɗingishi a hagu. Ya kwanta a tabarmar yana dariya.

"Masi, yau dai sai kin taka ni, kar ki tafi ni kaɗai ban samu ba."

"Tashi, ja'iri. Ɗauko mini bokitin madarar can in gani."

Ya je, ya durƙusa, baya a miƙe, ya ɗago shi. Ta goge ido da gefen mayafi.

Mun gode, Masi Sardaran, Allah ya saka miki, ya ba gwiwoyinki sauƙin da kika nema wa bayanmu. Ku kuma da mutane suka yarda da hannunku ko ƙafarku, masu ɗori da masu tausa da masu allura, ku koyi abin da ta koya, ku san ranar da za ku ce a'a. Duk wanda ya yi shakka, ya tsaya a gada da safe, zai ga Hakam Din yana wucewa da amalankensa.